Layin da Na Ƙi Ja

Mace ce ta fara koya mini yanka wuya. Malamar zane ce a makarantar 'yan mata da ke bayan gidanmu a unguwar Al-Jaradiya ta birnin Riyad, Abla Munira muke ce mata. Tana da wani jan biro da take maƙalewa a aljihun rigarta, kuma duk abin da muka zana mai rai, mage ce ko raƙumi ko mutum, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ja masa layi a wuya. Ta ce da zarar an raba kai da gangar jiki hoton ya tashi daga mai rai, ba za a tsayar da mu ranar lahira a ce mu busa masa numfashi ba. 'Yan ajinmu duk sun saba. Masu neman suna ma da kansu suke jan layin tun kafin ta iso.

Ni kuwa ran nan kaza na zana. Kaza ce ja mai ɗigon fari, irin wadda Inna take ba ni labarin ta yi kiwo a Damagaram kafin Baba ya kawo ta Riyad. Na ɓata lokaci a kan gashinta, ɗaya-ɗaya na jera shi. Abla ta zo ta tsaya a kaina, ta ce masha Allah, sannan ta tsaga wuyan kazata da jan biro ta wuce. Na zauna ina kallon layin nan, zuciyata tana tafasa. Sai na jawo jan fenti na ƙarasa mata aikin da ta fara: jini yana tsartuwa, fukafukai a baje, ƙafafu a sama, kan yana can gefe da ido a buɗe. Yarinyar da ke kusa da ni ta ƙwala ihu kamar ita aka yanka.

Aka kira Inna. Ta tsaya gaban shugabar makaranta ta ba da haƙuri da Larabcinta na kasuwa, ta riƙe hannuna gam muka fito. Na riga na sallama cewa yau jikina zai gaya mini. Muna kaiwa kwanar bakala, shagon da muke sayen burodi, sai na ji hannunta yana rawa. Na ɗaga kai. Dariya take yi a cikin niƙabi, har sai da ta jingina da bango.

"Gaskiyarki," ta ce tana share ido. "Wa ya taɓa yanka kaza ba jini? Amma kada ki kuskura babanki ya ji."

Sunana Ikilima, 'yar Malam Saidou direba. A Riyad aka haife ni, a nan na yi wayo, amma har yau sai an sabunta mini iƙama, katin zama, kamar wadda ta sauka jiya. Da rana ina aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Malaz, ina tsara katin biki da allon shaguna. Furanni da ruwan zinariya, hadir ya madam, hadir ya ustaz, wato an gama ranku ya daɗe, da murmushi har kumatuna su gaji. In na dawo gida kuma sai in zauna in yi aikina na gaskiya, wato zana bangon faifai da riguna ga masu kiɗan metal.

Ba irin kiɗan da ake sawa a gidan biki ba ne. Ganga kamar tifa tana juye duwatsu, mawaƙi kuma yana gurnani kamar an shaƙe bunsuru. Ba a jin su a rediyo, ba su da manyan kamfanoni, a ɗakuna da gareji suke naɗar waƙoƙinsu su raba wa junansu ta waya. Ranar da na fara ji dariya na yi. Daga baya na gane cewa duk garin nan babu abin da yake yin ihu a madadina sai shi, ni kuwa ina da ihun da na daɗe ina haɗiyewa. Su kuma abin da suke so a bangon faifansu shi ne abin da hannuna ya iya tun ina 'yar firamare: kawuna a ƙasa, ciki a farke, ƙasusuwa, tsutsa, ungulu. Mutanen Indonesiya suka fara samo ni, suka gaya wa na Brazil, har maganar ta zagayo ta dawo Riyad wurin wani Nawaf, ma'aikacin banki mai sanyin murya. Shi da abokansa suna kama hayar istiraha, gidan hutu a bayan gari, su rufe ƙofa su yi ta gurnani. Sunan ƙungiyarsu ni na zana musu shi kamar tarin ƙaya, kuma ni kaɗai nake iya karanta shi.

Kada wani ya ɗauka watsa jan fenti ne kawai. Da alƙalamin ƙarfe nake yi da baƙar tawada, inuwa kuma ɗigo-ɗigo ake tara ta har ido ya yi ruwa. Hanji yana da nauyi, in ka zana shi yana shawagi kamar igiyar shanya ka yi ƙarya. Wannan a wurin Inna na koya, duk ranar Layya ina tsugune gefenta muna wanke kayan ciki a baho, tana nuna mini yadda ake juya tumbi. Ja shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan ake sawa, kamar gishiri. In na gama, a kusurwar ƙasa nake sa hannu da 'yar ƙaramar kaza marar kai.

Baba bai san komai ba sai ranar da 'yan Indonesiya suka aiko mini da rigar godiya, shi kuma ya karɓi ƙunshin a ƙofa ya buɗe. Ya ware rigar ya ga mutum zaune yana riƙe da kansa a cinya. Ya tambaya wace irin masifa ce wannan, wa ya aiko mana. Inna tana bayansa tana yi mini alama da ido in yi shiru. Na ce ni na zana. Ya tura ƙofar ɗakina, ya ga sauran a manne a bango, ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"Hannun nan naki shaiɗan ya ara," ya ce. "Mala'iku ba sa shiga ɗakin nan. Ni ma ba zan ƙara shiga ba."

Kuma bai ƙara ba. Baba in ya faɗi magana, ko shekara nawa za a yi tana nan inda ya ajiye ta. In yana son wani abu sai ya tsaya a bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa daidai inda tayil ɗin falo ya ƙare, ya kira sunana yana kallon sama. Ni ma ban cire ko takarda ɗaya ba. Inna ce take kai-da-kawo tsakaninmu, ta ce masa yarinya ce, ta ce mini tsoho ne, ta kira mu duka biyu masu kan dutse. Ita kam shiga take yi abinta. Ta zauna a bakin gadona tana tsinke zogale, ta leƙa aikina ta ce a'uzu billahi, sannan ta ƙara matsowa ta ce wannan hantar ta yi ƙanƙanta, ko ta ɗan akuya ta fi ta. In gyara, ta ce yauwa, Allah ya shirye ki.

Bara ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Aka binne ta a wata maƙabarta a gefen gari, irin kaburburan nan da ba suna, sai dutse a kai da dutse a ƙafa. Maza suka je suka dawo. Gidan ya zama ni da Baba da ƙarar firij.

Inna ba ta yarda da hoto ba duk rayuwarta. Ba don wa'azin kowa ba, kunya ce kawai irin ta mutanen da. Kana ɗaga waya za ta ja mayafi ta juya baya tana cewa a bar ta da tsufanta. Abin da ya rage mana sai na fasfo, inda hasken kyamara ya wanke fuskarta fes, ya shafe tsagar kumatunta, ta fito a tsorace kamar an kama ta da laifi.

Sai kuma aikin Baba ya ƙare. Gidan da yake yi wa tuƙi tun kafin a haife ni, 'yan matan da yake kaiwa makaranta sun girma kowace ta sayi motarta, idonsa kuma ya fara gajiya. Kafil ɗinsa, maigidan da ya tsaya masa a takardun zama, bai wulaƙanta shi ba, ya sallame shi da mutunci, aka buga masa huruj, fita ta ƙarshe. Zai koma Damagaram wurin ƙannensa. Ni iƙamata tana hannun shagonmu, don haka zama zan yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kan aikin Nawaf. Zanen wani mutum ne a kan kujera, ƙirjinsa a buɗe kamar kabad, bishiyar dabino ta tsiro ta tsakanin haƙarƙarinsa. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa.

"Ikilima."

"Na'am, Baba."

"Aiki kike yi?"

"Aiki nake yi." Ban rufe takardar ba. Na daina rufewa tuntuni.

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Na ɗauka maganar jakunkuna ce ta kawo shi.

"Fuskar mamanki tana ɓace mini," ya ce. "Muryarta tana nan. Tafiyarta tana nan, ko yanzu ina jin takunta a kicin. Amma fuskar, in na kamo idanu sai bakin ya kuɓuce. Zan tafi in bar ta a ƙasar mutane, kabarin ma in aka ce in nuna ba lalle in gane shi ba. Ba na so in sauka Damagaram hannu Rabbana."

"Akwai na fasfo."

"Wannan ba ita ba ce. Ke ma kin sani."

Na ajiye alƙalami. Tausayinsa ya kama ni, amma haushin da na daɗe ina ajiya ya riga tausayin zuwa bakina.

"Da wane hannu zan zana ta, Baba? Da wanda shaiɗan ya ara?"

Ya sauko da idonsa daga sama ya dube ni, karo na farko a bakin ƙofar nan.

"Kina da wani?" ya ce.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ashe ban san kaina ba. Na zana fuskoki ba adadi, amma duk matattu ne, kuma hannu abin da ya saba shi yake yi. In na zana idon Inna sai ya fito a kafe. In na zana bakinta sai ya saki kamar na wanda rai ya bari. Na yaga takarda, na sake, na yaga. Wata rana na duba abin da na yi na ga Inna ce sak, amma Innar da na gani a gadon asibiti da safiyar da ta rasu. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba ranar zaman makoki.

Nawaf yana ta kira. "Ya ustaza, ina bangonmu? Waƙoƙi sun kammala, ke kaɗai muke jira."

"Gawarka ba inda za ta je," na ce masa. "Ta jira."

Abin da ya cece ni kwanar bakala ce. Na tuna ranar kaza, na tuna ba abin da nake gani a fuskarta sai idanu ta bakin niƙabi, sun ƙanƙance saboda dariya, hawaye ya taru a gefe. Na fara daga nan. Da idanun suka tashi, sauran suka biyo su: faffaɗan goshi, hancin da na gada, wushirya, tsaga biyu-biyu a kumatu irin ta gidansu, ɗankwali ɗaurin kicin ya zame baya kaɗan. Na sauko da wuyanta dogo, da 'yar sarƙar azurfa da ba ta cirewa. Ban taɓa jan fenti ba. Da na gama na jingina takardar da bango, sai na ga kamar tana kallon kawunan da ke kewaye da ita tana danne dariya.

Ranar Juma'a Kawu Almustafa ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Aminin Baba ne, mutumin Maraɗi, yana sayar da turare, kuma shi mutanenmu na unguwa suke tambaya in wani abu ya shige musu duhu a addini. Ba mugu ba ne, shi ya raɗa mini suna. Na bari suka gama cin shinkafa, na kwashe kwanuka, sannan na kawo zanen na ajiye a gaban Baba.

Baba ya ƙura wa zanen ido. Ya kai hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suka fara motsi. Kawu ya leƙo ya ce, "Allahu akbar. Mariamou ke nan, ba ragi." Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara murya.

"Sai abu ɗaya ya rage, 'yata. Ki ja mata layi a wuya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na dubi Baba. Ya ƙi dubana.

"Na tambayi kawunki kafin in tambaye ki," ya ce a hankali. "Ya ce in an raba kan da jiki babu laifi in ajiye. Da wannan sharaɗin na roƙe ki."

"Ba ka gaya mini sharaɗin ba."

"Ga shi ina gaya miki."

"Ba zan ja ba."

Kawu ya yi murmushi irin na manya. "Siriri ne fa, kamar zare. Ba wanda ya ce ki zuba jini. Ke da aka ce kin cire kawunan da ba su ƙirguwa, yau layi ɗaya ya gagare ki? Lalle wanzami ba ya son jarfa."

"Kawu, waɗancan ba su da uwa ba su da suna. Daga kaina na ƙago su, kuma don a yanka su na ƙago su. Ban taɓa sa wa wanda na sani wuƙa ba." Muryata ta fara tashi, ban tare ta ba. "Wuyan nan ni nake shafa masa man zafi da ciwo ya kwantar da ita. Ni na cire sarƙar nan da hannuna kafin a yi mata wanka. Ni ba malama ba ce, ba zan yi gardamar littafi da kai ba. In zunubi ne, ni na zana, a rubuta a kaina. Amma ba zan yanka Inna ba."

"Ikilima!" Baba ya daka mini tsawa. "Da wa kike magana haka?"

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko jan biro, na dawo na ajiye shi a kan kafet kusa da zanen.

"Ga shi. Zanen naka ne, Baba, ban hana ba. Amma duk wanda yake so a yanka ta, ya yanka ta da hannunsa."

Baba ya dubi biron, ya dubi amininsa. Kawu ya janye hannayensa ya naɗe su a ƙirji.

"A'a, Saidou, kada ka dube ni. Ni abin da na sani na faɗa, kuma ban janye ba. Amma na ci tuwon matar nan shekara da shekaru. Ba da hannuna ba." Ya miƙe yana neman takalminsa, yana girgiza kai. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku biyun nan, Allah ya daidaita ku."

Baba ya kifa zanen a kan firij, ya ɗora biron a kai. Daga ranar magana ta ƙare tsakaninmu sai gaisuwa. Ina kwana Baba, lafiya lau. Ya ci gaba da ɗaure kayansa, bargo da dardumar salla da tukunyar da Inna ta fi so. Kullum na shiga kicin sai na saci kallon saman firij, in ga biron yana nan inda yake. Abu biyu nake tsoro, kuma ban san wanda ya fi ba. Ko ya tafi ya bar ta a nan saboda taurin kaina, ya ƙarasa rayuwarsa yana laluben fuskar matarsa, ko kuwa in wayi gari in ga jan layi a wuyanta.

Haushin duk a kan mutumin da nake zana wa Nawaf na sauke shi. Na ƙara masa tsutsa, na sa ungulu biyu suna jan hanjinsa, na tsinke wuyansa har alƙalamin ya kusa huda takarda. Da Nawaf ya zo shago karɓa sai da ya ja numfashi, ya ce wannan ya fi duk na baya. Ya ga idona a kumbure ya tambaya, ni kuma bakina ya suɓuce na gaya masa.

"Halas, shi ke nan, ya ustaza, ki ja kawai," ya ce. "Mu duka littattafanmu na makaranta cike suke da layin nan, me ya rage mu da shi? Tsoho ne, tafiya zai yi. Ki faranta masa."

Na dube shi, da farar rigarsa a goge da katin aiki a wuya. Mutumin da yake gurnani a bayan gari kamar zai cinye duniya, shi ne yake ba ni shawarar in sunkuyar da kai.

"Ɗauki gawarka ka tafi," na ce.

Amma maganarsa ta bi ni har cikin jirgin ƙasa na metro. Da na isa gida Baba yana masallaci. Na sauko da zanen, na cire murfin biron, na ce bari in yi shi siriri yadda ko shi ba zai gani ba sai ya ƙura ido. Inna tana kallona da idanun nan na kwanar bakala. Wa ya taɓa yanka kaza ba jini? Babu layin da yake siriri a wuyan mutum, na fi kowa sani, sana'ata ce. Na mayar da murfin, na kifa ta yadda na same ta.

Ranar tafiya da hantsi Kawu Almustafa ya zo da motar wani ɗan unguwa don kai Baba filin jirgi. Aka sauke jakunkuna. Na durƙusa na yi masa sallama a falo, ya dafa kaina ya yi mini doguwar addu'a, ya ce in riƙe salla, in riƙe mutuncina. Bai ambaci zanen ba, ni ma ban ambata ba. Ya fita, na ji takunsa yana sauka a bene. Na tsaya a tsakiyar falo ina cewa a raina, shi ke nan Ikilima, kin yi nasara, sai ki jiƙa ki sha.

Sai takun ya tsaya. Ya juyo yana hawowa.

Ya shigo bai dube ni ba, ya miƙe kicin, ya sauko da zanen da biron, ya zauna a kujerar falo ya ɗora takardar a gwiwarsa. Ya sa tabarau. Ya cire murfin. Na dafa bango. Na yi wa kaina alkawari ba zan roƙe shi ba, kuma ban roƙa ba, amma na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Bakin biron ya sauka daidai wuyanta, saman sarƙar, bai taɓa takardar ba. A ƙasa aka danna hon. Baba bai motsa ba. Idonsa ya bar wuyan ya hau fuskar, ya tsaya a kumatu. Na ga ya matso da takardar kusa da tabarau, ya yamutsa fuska.

"Kin yi kuskure," ya ce.

"Ina?"

Ya mayar wa jan biron murfinsa ya ajiye a gefe. "Ba ni baƙin."

Na shiga ɗaki ina laluben alƙalami a kan tebur. Ina juyowa na gan shi a bayana. Ƙafafunsa biyu suna cikin ɗakina, kawunan da na yanke suna kewaye da shi ta ko'ina, ko kallonsu bai yi ba. Ya shimfiɗa zanen a kan teburina, a kan tabon jan fenti, ya karɓi alƙalamin ya riƙe shi kamar mai riƙe da allura.

"Tsagar hagu, ta waje, ta fi sauran tsawo," ya ce. "Tana jaririya ta motsa a hannun wanzami, askar ta zarce. Ita ta gaya mini, makon da aka kawo ta gidana. Har nan ta sauko."

Ya ɗora bakin alƙalamin a ƙarshen tsagar da na zana, ya ja ta ƙasa kaɗan, a karkace, zuwa gefen baki. Layin bai miƙe ba, tawadar ta ɗan taru a ƙarshe. Ina gani na san gaskiyarsa ce. Na rayu da fuskar nan tun ranar da na buɗe ido ban taɓa lura ba, sai yanzu zanen ya zama Inna.

Aka sake danna hon, wannan karon da haushi. Baba ya hura tawadar har ta bushe. Na samo kwali biyu na sa zanen a tsakani, ya ɗaga rigarsa ya cusa shi a ƙirji, ya dafe da hannu. A bakin ƙofar ɗakin, daidai inda ya saba tsayawa, ya juyo.

"Kin ce a rubuta a kanki," ya ce. "To yanzu mu biyu muka zana. In an tambaya, a tambaye mu tare."

Ya sauka. Na leƙa ta taga na ga Kawu yana buɗe masa ƙofar mota yana faɗa za su makara, Baba kuma ya shiga a hankali, hannunsa ɗaya a ƙirji.